Hannayen Direba

An cire mutum biyu daga binciken man shafawa ranar Talata da hantsi, a ɗaki na uku na sashen masu ciwon daji, hawa na biyu na babban asibiti. Ɗaya mai gyaran agogo ne, shekararsa hamsin da takwas. Ɗayan direban tasi ne mai shekara hamsin da ɗaya. A rahoton da aka rubuta an ce robobin mansu ne suka sauya hannu. Mai Agogo ne ya sauya su, kuma har aka tashi daga aiki ranar ba a faɗa wa Direba haka ba.

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, a layin masu sayar da waya. Faɗin shagon bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. Akwai tebur, da fitila mai lanƙwasa wuya, da gilashin ido ɗaya, da hantsaki shida a jere bisa tsawonsu. Mutum ne da in ka ajiye masa kofi a karkace sai ya gyara masa zama kafin ya amsa gaisuwarka. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ita ke kai shi asibiti, ta sauke shi a bakin ƙofa ta wuce aji.

An yi masa aiki a hanji, aka cire abin da za a cire, sannan aka ɗora shi kan ƙwayoyi: huɗu da safe, huɗu da yamma, a sha mako biyu a huta mako ɗaya, haka har zagaye takwas. Likita ya gaya masa ba lallai gashinsa ya zube ba, amma ya sa ido kan tafin hannu da tafin ƙafa, don ƙwayoyin nan suna cin fata. Saboda wannan ne asibitin ke gwada wani sabon man shafawa, ko zai hana. Sista, nas ɗin da ke riƙe da binciken, ita ta yi masa bayani ranar farko.

"Iri biyu ne, Baba. Ɗaya akwai magani a ciki, ɗayan mai ne kawai. Kala ɗaya, ƙamshi ɗaya, roba ɗaya."

"Wanne za a ba ni?"

"Ban sani ba. Likita bai sani ba. Mai ba da maganin ma lamba kawai take gani. Kwamfuta ce ta yi rabon, kuma ba za a buɗe ba sai an gama da mutum na ƙarshe."

"To ai wannan caca ce."

"Caca ce mai takarda. Karanta, in ka yarda ka sa hannu."

Ya karanta shafi huɗun duka, ya nuna mata inda aka tsallake lamba a shafi na uku, sannan ya sa hannu. Aka ba shi farar roba mai matsi irin ta man goge baki, da sitika a jikinta ɗauke da lamba talatin da bakwai. Duk bayan mako uku, ranar Talata, zai dawo da tsohuwar a auna ta a sikeli don a ga yawan da ya shafa, a ba shi sabuwa. Zai ɗora hannuwansa a kan wani shuɗin ƙyalle a ɗauki hotonsu, a ba su maki daga sifili zuwa uku. Sifili lafiyayye ne. In an kai uku sai a tsayar da ƙwayoyin.

A zagaye na biyu tafinsa ya yi ja kamar ya dafa murfin tukunya. A na uku fatar ta fara saɓulewa, kan yatsu ya tsattsage, wayarsa ta daina gane yatsansa. Ƙusar agogon hannu ba ta kai ƙwayar yashi biyu ba. Da can yana jin ta a bakin hantsaki kamar yadda mutum ke jin tsakuwa a takalmi. Yanzu ido ne kawai ke ganin ta, hannun ba ya kawo masa labari.

Direba ya shiga binciken mako uku bayansa, da ciwo iri ɗaya da ƙwayoyi iri ɗaya, aka ba shi lamba arba'in da ɗaya. Ƙato ne mai sanƙo, muryarsa kullum kamar yana kiran fasinja daga tsallaken titi. Ranar da ya ji sana'ar Mai Agogo ya laƙaba masa suna Injiniya, sunan kuma ya zauna. A ɗakin da ke kusa akwai mata da ke zama da hulunan sanyi a ka, wani binciken daban na hana zubar gashi. Duk Talata sai Direba ya roƙi Sista ta sa shi a cikinsu, ko Allah zai sa nasa ya ji labari ya dawo.

Matarsa ba ta taɓa barin sa ya zo shi kaɗai ba. 'Yar ƙaramar mace ce mai babbar jaka. A kan bencin jira take fiddo robar, ta duba lambar da ƙarfi kamar mai kiran suna a aji, ta matsa man a tafinta, ta kama hannunsa tana bi yatsa bayan yatsa.

"Miƙo. Ba wannan ba, ɗayan. Kai ko ɗan goye ya fi ka zama wuri ɗaya."

"Ki rage faɗa, Injiniya yana kallo."

"Ya kalla mana. Shi ai da ganinsa ka san mai jin magana ne."

Mai Agogo yakan yi ɗan murmushi ya mai da ido kan bango. Yana gaya wa kansa ba matar yake kallo ba, hannun yake kallo. Hannun ne kuwa ya tsaya masa a rai. Faffaɗa ne, mai gajerun yatsu, fatarsa sumul tana ƙyalli. Hannu ne da ba a nema masa komai sai ya riƙe sitiyari ya danna hon, ko da safa a hannu mutum zai iya. Shi da abincinsa ke kan yatsunsa, shi kwamfuta ta ga dama ta ba ruwan banza. Babu wanda ya ce masa haka. Shi ya yanke, kuma duk Talata yana samun shaida.

Ƙofar ɗaki na uku ba ta rufuwa sosai. Daga benci yana jin Sista in Direba ya shiga.

"Sifili. Kai Malam, hannun nan naka ko na amarya. Juya. Sifili."

In nasa layin ya zo sai muryarta ta sauka. "Sannu, Baba. Akwai zafi in ka riƙe cokali? Botin riga fa?" Ta rubuta biyu, ta sake ce masa sannu. Sannun nan ya fi tsagewar yi masa ciwo.

Talatar da Mai Agogo ya gama zagaye na uku, Direba ya kwance agogon hannunsa ya miƙa masa.

"Injiniya, tun shekaranjiya ya tsaya. Na sayi batir, ga shi. Na ce ina da babban likita a gefena, me zai kai ni wurin 'yan koyo?"

Mai Agogo ya karɓa. Agogo ne mai arha, murfin bayansa irin wanda ake ɓallewa. Ya yi dubban irinsa, wasu yana hira wasu yana sauraron rediyo. Ya fiddo 'yar wuƙarsa daga aljihu ya sa bakinta a tsagar murfin. Da ya danna, zafin ya taso daga babban yatsa har gwiwar hannu, wuƙar ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Mutum uku a bencin sun daina abin da suke yi.

"Kawo, kar ka ji ciwo," in ji Direba. Ya sa farcen babban yatsansa ya danna sau ɗaya, murfin ya yi tsalle ya faɗa cinyar matarsa. Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Ka gani? Ashe ni ma Injiniya ne ban sani ba. In ka gaji da shagon ka ba ni aron makulli."

"Rufa mana baki," in ji matar. Ta dubi Mai Agogo ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, bakinsa ba shi da birki."

"Ba komai," ya ce.

Makonni ukun da suka biyo baya ya yi su ne da murfin nan a ƙirjinsa. A shago ya mai da agogo huɗu ga masu su ba tare da ya buɗe su ba. Wani tsohon abokin ciniki, wanda ya gaji agogon mahaifinsa kuma bai taɓa yarda wani ya taɓa shi ba, ya tsaya ya dubi hannun na ɗan lokaci, ya yi masa fatan sauƙi, ya mai da agogon aljihu. Mai Agogo ya bi shi da ido har ya ga ya shiga shagon mai gyaran waya da ke ƙarshen layi.

A gida 'yarsa ta ce bari ta shafa masa man. Ya ce yana da hannu. Ta ce, "Baba, hannun ne ai ba shi da lafiya." Ya ce ta je ta duba takardun ɗalibanta. Da ta fita ya matsa ɗan man a kan gilashi, ya sa gilashin ido ɗaya ya duba shi a ƙarƙashin fitila. Fari ne, ba komai a cikinsa da ido zai kama. Ya juya robar ta kowane gefe. A gindinta, inda aka matse bakin, akwai wasu ƙananan lambobi da aka danna a jikin robar. Ya ɗauka ranar lalacewa ce. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne sitikar. An manna ta a karkace, kamar kullum, kuma da ya sa bakin reza a kusurwarta sai ta ɗago ba gardama.

Rezar ta kwana uku a aljihun rigarsa kafin Talata.

Ranar, Sista ta daɗe a kan hannunsa, sannan ta kira Likita. Likita, wani dogo mai magana a hankali, ya ce maki biyu ne amma ya kusa uku. Ya ce daga yau ƙwaya uku da safe, uku da yamma, a maimakon hurhuɗu. Mai Agogo ya ce to. Ya karɓi sabuwar robarsa a tagar magani ya koma benci. Direba ya fito bayansa da sifilinsa, yana kaɗa 'yar ledar da aka sa masa tasa robar.

Ba a jima ba mai gadi ya leƙo yana tambayar mai tasin da ta tare wa motar asibiti hanya. Matar Direba ta sauka ɗakin gwajin jini karɓar takarda. Direba ya miƙe yana laluben makulli, ya ajiye ledar a cinyar Mai Agogo.

"Injiniya, riƙe mini amanata. In ta dawo ta tarar na yar da ita, gawata za ku ɗauka."

Banɗaki yana ƙarshen baranda. Mai Agogo ya kulle ƙofa ya jera robobin biyu a kan dakalin taga. Sauya su kawai ba zai yi ba, don matar tana karanta lamba kullum, kuma dole a dawo da roba a auna. Sai an sauya sitika. Ya sa reza. Yatsunsa suna zafi kamar ya tsoma su a ruwan barkono, ɗaya tsagar ta buɗe ta fara jini, ya naɗe ta da hankici ya ci gaba. Sitikar farko ta ɗago lafiya, ta biyu ma haka. Ya ɗora talatin da bakwai a robar Direba, arba'in da ɗaya a tasa. Ya daidaita kowace da layin ɗinkin robar, ya shafe ta da bayan farce har ba kumfar iska ko ɗaya. Ya duba agogonsa. Minti shida. Rabon da ya yi aiki mai kyau haka tun kafin a yi masa aikin hanji.

Da Direba ya dawo yana zagin mai gadi, ledarsa tana nan a inda ya bar ta.

A mako na farko Mai Agogo bai ga komai ba. A na biyu jan ya fara ja da baya. Tsagar babban yatsa ta rufe, ya iya ɓalle botin rigarsa ba tare da ya cije leɓe ba. Ranar Alhamis ta mako na uku ya buɗe agogon wata mata, ya cire gashin da ya naɗe a hannun daƙiƙa, ya mai da ƙusa huɗu ba wadda ta faɗi. Ya zauna yana sauraron tafiyar agogon a kunnensa. Ashe gaskiyarsa. Ashe duk watannin nan ana kallon sa yana shafa ruwa, ana ce masa sannu. In tunanin Direba ya zo masa sai ya ce a ransa, ai shi ya sha rabonsa, zagaye uku cur, kuma sitiyari ba ya buƙatar kan yatsa.

Talata ya riga su zuwa. Ƙarfe tara da rabi ya ji muryar matar, ba ta Direba ba, kafin ya gan su, abin da bai taɓa faruwa ba. Ita ce ta tura ƙofa. Direba yana bayanta, yana taka ƙasa da gefen ƙafa, hannuwansa a ɗage a gaban ƙirji kamar wanda ya wanke su yana neman tawul. Tafin ya yi ja wur, fatar ta kumbura ta fashe a gaɓoɓi.

"Injiniya, na shigo ƙungiyarku," ya ce, ya zauna a hankali. "Kwana tara ban taɓa mota ba. Yau a tasin wani na zo. Ni, a kujerar baya. Ga shi bai iya canja giya ba, ina ji ina gani."

"Cokali ma ni nake ba shi," in ji matar. "Kuma ban fasa shafawa ba ko sau ɗaya, Allah ya sani. Safe da yamma." Ta dubi hannun Mai Agogo. "Kai kuwa Yaya naka ya yi kyau. Masha Allah."

Abu na farko da ya ji, kafin kunya, daɗi ne. Ɗan kaɗan, kamar kurɓin ruwan sanyi. Ya sa hannuwansa a tsakanin gwiwoyinsa.

Mai ba da magani a binciken wata mata ce da kowa ke kira Bahaguwa. Ita ke karɓar tsofaffin robobi ta auna. Ta karɓi ta Direba ta ɗora a sikeli, ta rubuta. Ta karɓi ta Mai Agogo ta ɗora, ta ɗauki biro, sai ta tsaya. Ta jawo ta farkon ta jera su. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe tagar, abin da ba a yi kafin azahar, ta shiga ɗaki na uku da robobin biyu da wani babban littafi.

Mai Agogo aka fara kira. Likita yana zaune, Sista tana tsaye a jikin ƙofa, wannan karon ta danna ta da kyau har ta rufu.

"Baba," in ji Bahaguwa, "shekarata tara ina manna sitika. Ban taɓa manna ɗaya a miƙe ba. Shugabana ya yi faɗa har ya gaji ya bar ni. Yau na karɓi roba goma sha ɗaya, tara duk sun kwanta hagu kamar yadda na sallame su. Biyu kuma sun dawo mini a tsaye cak, kamar an sa ma'auni." Ta juya robar ta nuna gindinta. "Wannan lambar ta kamfani ce, ina rubuta ta a littafi duk ranar da na ba da roba. Wadda ka dawo da ita, shi na ba. Wadda ya dawo da ita, kai na ba."

Ba wanda ya ɗaga murya. Mai Agogo ya dubi robobin. Ko daga inda yake zaune yana ganin aikin ya fita.

"Ni ne," ya ce.

"Ya sani?" in ji Likita.

"Bai sani ba. Amana ya ba ni."

Sista ta ce, "Haba, Baba."

"Nasa mai magani ne, nawa ruwa," in ji Mai Agogo. "Kun gani da idonku. Wata uku ina shafa nawa hannuna yana ruɓewa. Mako uku na shafa nasa, ga shi." Ya buɗe tafinsa a kan tebur.

Likita ya duba hannun da gaske, ya danna kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Ya yi sauƙi. Maki ɗaya. Amma ka tuna ranar da ka sauya robar ita ce ranar da na rage maka ƙwaya. Yawancin waɗanda na rage wa haka hannunsu ke yi, da mai ko ba mai."

"Shi fa? Me ya sa nasa ya ɓaci?"

"Zagaye na huɗu ya gama. Akwai waɗanda ba ya taɓa su sai a na huɗu, ya zo musu gaba ɗaya. Mai yiwuwa ka ƙwace masa magani ka ba shi ruwa. Mai yiwuwa naka ne mai maganin, ka ba shi. Mai yiwuwa iri ɗaya kuke shafawa tun farko, ko kuma man ba ya aikin komai. Don mu san wannan muka tara mutum ɗari da ashirin. Yanzu saura ɗari da sha takwas."

Ya yi bayanin sauran a taƙaice. Ba za a ƙara ba su man bincike ba, su biyun, don ba a san abin da za a rubuta a kansu ba. Za a ba su man da ake ba kowa. Maganin ciwonsa ba za a taɓa shi ba, wannan haƙƙinsa ne ko me ya yi. Za a rubuta wa kwamitin da ke sa ido kan binciken, a nemi izinin buɗe lambobin nan biyu. Game da Direba kuwa, yau za a ce masa an sami sauyin roba ana bincike. Likita ya ce ya fi so Mai Agogo ya faɗa masa da bakinsa kafin Talata mai zuwa. In bai yi ba, su za su faɗa, don ba za a bar shi cikin duhu ba.

"Hannunsa maki nawa?" in ji Mai Agogo.

"Wannan tsakanina da shi ne."

Ba sai an gaya masa ba. Ya koma benci, aka kira Direba da matarsa. Sun yi kusan minti ashirin. Da suka fito matar tana riƙe da takarda, Direba kuma muryarsa ta dawo.

"Ka ji aikin banza, Injiniya? Wai robarmu ta haɗu. An kore mu, ni da kai. Kuma an tsayar mini da ƙwaya sai hannun ya sauka. Ciwo yana ciki yana jira, ni ina zaune ina jinyar tafi." Ya juya wajen tagar magani. "Wannan Bahaguwar ce. Tun ranar da na ga yadda take riƙe biro na san za a yi haka. Wallahi sai na rubuta takarda a kanta, har wurin shugaban asibiti."

"Da wane hannun?" in ji matar.

"Injiniya zai rubuta mini. Shi ma ai an cuce shi. Ko ba haka ba?"

Bahaguwa ta buɗe tagarta tana ba wata mata magani. Ta ji, ba ta ɗago ba. Matar Direba kuwa ta bar maganar takarda. Tana duban Mai Agogo, daga fuskarsa zuwa hannunsa da ke kan gwiwa.

"Yaya," ta ce, "ranar nan da na sauka karɓar takardar jini, wa ya riƙe ledar?"

"Ke kuma," in ji Direba. "Injiniya ne mana. Shi ya sa ma ba ta ɓata ba. Tashi mu tafi, ƙafata tana zugi. Injiniya, zo mu rage maka hanya, ka ga yadda ake wulaƙanta giya."

Mai Agogo ya ce 'yarsa za ta zo. Matar ta rataya jaka, ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwar hannun mijinta ta ɗaga shi. Ba ta yi wa Mai Agogo sallama ba. Ya bi su da ido har ƙarshen baranda: tana gyara masa wuyan riga da ɗaya hannun, tana faɗa ƙasa ƙasa, shi yana jingine da ita da duk nauyinsa. Ko yanzu, da hannun a fashe, Mai Agogo ya ji ƙyashin nan ya motsa a ƙirjinsa.

Ranar Laraba asibitin ya aika wa kwamiti takarda. Ranar Alhamis Mai Agogo ya buɗe shago ya gyara agogo uku, yana shafa man da ake ba kowa. Sau biyu ya nemo lambar Direba a waya ya ajiye. Ranar Juma'a Direba ne ya kira shi, matar ce ta riƙe masa wayar, ya ce har yanzu bai iya ɓalle boti ba, kuma yana jiran sa ranar Talata da takarda da biro.

Zuwa yammacin Litinin kwamitin bai amsa ba, kuma ba a sa ranar da Direba zai koma kan ƙwayoyinsa ba.